Laifin da Na Ɗora wa Kasko

Har yau in na hango mutum goye da famfon feshi yana ratsa gona, hannunshi na hagu yana sama yana ƙasa, sai raina ya ɓaci. Mutumin bai yi mani komai ba, kaina nake tunawa. Damina bayan damina na goya wannan tanki kamar jinjiri, shi ya cinye mani numfashi, amma ranar da na tashi neman mai laifi sai na tsallake shi na je na kama kaskon suyar maiɗakina.

Ƙauyenmu yana yankin Wagini, ƙasar Batsari. Karatuna na allo ne da ɗan firamare, daidai abin da zai sa in gane sunan magani a jikin galan. Ƙananan rubutun da ke ƙasa da Turanci suke, kuma ko da Hausa ne ba na jin zan tsaya karanta su. Da can a wajenmu abin kunya ne magidanci ya kashe ciyawa da magani. Firi da maimai aikin fartanya ne, a fita da yara da safe, a kai fura da rana, a dawo da la'asar. Da mutanen daji masu bindiga suka matsa mana, sai gonar nesa ta zama wurin da ba a daɗewa. Wa zai kwashi 'ya'yanshi ya kai bakin daji su wuni a sunkuye, ba su ganin abin da ke tahowa? Sai aka koma feshi. Mutum ɗaya ya shiga da sassafe, ya zagaye gona, ya fito kafin rana ta yi zafi. A unguwarmu wannan mutum ɗayan ni ne. Na sayar da tunkiyata na sayo famfo a kasuwar Batsari, ina ganin na yi wayo.

Aikin ba shi da malami, kowa a wurin ɗan'uwanshi yake gani. Da murfin galan muke awo, mu zuba a tanki, mu dama da kara, in babu kara mu sa hannu. In kan famfo ya toshe, cire shi nake yi in sa a baki in hure. Tankin yana yoyo ta wuya, kafin in gama gona rigata ta jiƙe har ƙugu, ni kuma ina jin daɗin sanyin. Takunkumi na taɓa sawa rana ɗaya, wani tsoho da ya rage tun lokacin annoba. Zafi ya ishe ni, mutane kuma suka dinga tambayata ko raƙumi ne ni mai cizo, sai na cire na jefar.

Abin da ya sa ba mu jin tsoro kuwa shi ne madara. Doka ce tsakanin masu feshi, da ka sauke famfo ka fasa gwangwanin madara ka shanye, an ce tana kashe dafi. Har cikin ciniki take. Mai gona ya san bayan ladan aiki akwai gwangwani, in bai kawo ba kuwa ana cewa ba shi da imani. Ban taɓa tambayar wanda ya fara faɗin haka ba. In na shanye na goge baki, ji nake an wanke ni ciki da waje, gobe ma in tashi in koma.

Maiɗakina kuwa mai ƙuli-ƙuli ce, a wurin mahaifiyarta ta gada. Ta soya gyaɗa, a kai inji, ta matse mai, ta murza tunkuza ta jefa a kasko. Da la'asar take hura wuta, ba ta saukewa sai an kusa kiran magariba. Matan unguwa a wurinta suke sayen mai, ranar kasuwa kuma masu rogo da masu tsire su aiko. Ban taɓa sanin nawa gishiri yake ba, ko daddawa, ko sabulu, don duk daga kaskon nan suke fitowa. Ni nawa hatsi ne, in na zuba a rumbu na gama.

Na daɗe ina feshi lafiya lau. Sai wata damina na fara atishawa, ido ya yi ja, tari ya biyo baya. Abin mamaki, a gona ba na jin komai, ƙarfina ƙalau. Sai na dawo gida, na yi wanka, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina jiran magariba, sannan ƙirjina zai ɗaure kamar an naɗa mashi igiyar guga ana ja. In ja iska ta shiga da ƙyar, in zo fitar da ita ta ƙi, sai wani fito siriri kamar kukan ɗan kyanwa. In na ɗaga kai kuma, me zan gani? Hayaƙin kasko yana bin tsakar gida.

Ban yi wani dogon tunani ba. Na ce mata, "Ke, wannan hayaƙin naki zai kashe ni."

Ta ce, "Malam, wane hayaƙi? Tun da ka kawo ni gidan nan nake suya, yau ne ya san hanyar hancinka?"

"To me ya sa ba ya kama ni a gona sai nan?"

"Ni dai rigarka in na wanke, har kaina ke ciwo. Kajin da suka sha ruwan wankin ma ka ga yadda suka yi."

"Na sha madara," na ce da ita, kamar wanda ya kawo aya. "Maganar magani ta mutu. Ki nemi wani dalilin."

Ina da taubashi, ɗan ƙanen mahaifiyata, ɗan kabu-kabu ne, shi ke kai ni gonakin nesa. Bakinshi ba ya hutawa, kuma al'ada ta ba shi damar faɗa mani abin da ya ga dama. Da na kai mashi ƙara sai ya kwashe da dariya har ya kusa kayar da mu a kwalbati. Ya ce, "Bawana, kai da ke wanka da guba kamar agwagwa, ƙuli-ƙuli ne ya fi ƙarfinka? Ka bari in gaya wa mutanen daji, su daina wahalar sayen harsashi, su zo da kasko." Na ce mashi ya kula da hanya, maganar manya ba tashi ba ce.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Ba wai zuciyata ba ta taɓa raya mani famfon ba. Ta raya mani, ba sau ɗaya ba. Amma famfon shi ne abin da ya sa ake sallama da ni a ƙofar gida tun asuba, shi ya sa masu hali ke kirana da Malam mai feshi. In na yarda shi ne, me zan koma yi a shekarar da mudun gero ya gagari mai albashi? Kaskon kuwa ba nawa ba ne, kashe shi ba zai rage mani komai ba, a ganina. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango nata.

Wajen kaka abin ya tsananta, har na kai ba na iya idar da fatiha a numfashi ɗaya. Rannan na tashi a fusace na ce kada a ƙara hura wutar suya a gidana. Ta ce to ta koma bayan gida. Na ce iska za ta kawo. Ta ce ta je gidan yayarta ta dinga yi can. Na ce warin zai biyo zanenta. Duk ƙofar da ta buɗe na rufe. Ta dube ni ta ce, "Shi ke nan, Malam. Allah ya ba ka lafiya." Ta wanke kaskon ta kife shi a gindin rumbu.

Sai kuwa na samu sauƙi. Ƙirji ya saki, fito ya ɗauke, na koma cin tuwo da santi. Ban tsaya na lura cewa damina ce ta wuce, feshi ya ƙare, famfo yana rataye a zaure ba. Na dinga yawo ina ba da labari a majalisa cewa na gano ciwona da kaina ba tare da likita ba. Har shawara nake ba wasu su lura da hayaƙin matansu. In na tuna wannan bakin nawa, sai in ji kamar in nutse.

Ranin nan ne na san farashin gishiri. Miya ta koma ruwa-ruwa, babu mai, wani lokaci babu daddawa. In na yi magana sai ta ce, "Abin da aka kawo shi aka dafa." Jarinta ta dinga gutsura ana cefane har ya ƙare, ban ma san ya ƙare ba. Masu sayen mai suka yi ta sallama ana ce masu babu, har suka gaji suka koma wurin wata a ƙasan gari. Ni kuwa ina ta jiran ruwan farko, ina cewa da an fara feshi komai zai daidaita.

Ruwa ya sauka, na sauko da famfo. Ban rufe mako ba ciwon ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Ga tsakar gida fes, babu wuta, babu hayaƙi, kasko a kife har gizo-gizo ya yi saƙa a kai, ni kuma ina dafe da bango ina neman iska. Ta kawo mani ruwan ɗumi ta ajiye, ta koma ɗaki. Da ta yi magana ma da ya fi mani sauƙi.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na ce madarar ce aka lalata, ta zamani duk ruwa ce. Na koma shan gwangwani kafin aiki da bayan aiki. Da bai yi ba, sai na ce ai nonon shanu ya fi, na dinga tare wata dattijuwar Bafillatana, maƙwabciyarmu tun kakanni, ina saye da ƙwarya. Da ta ji dalili sai ta riƙe baki ta ce, "Ɗana, ni dai nonona na dama fura ne. In yana maganin guba, ban sani ba." Na sha jiƙo, na sha zuma da tafarnuwa, na daina shan ruwan randa, na daina cin kuɓewa don wani ya ce tana ƙara majina. Komai na bari, ban da abu ɗaya.

Ranar da abin ya ƙare, gonar wake ce ta wani Alhaji a wajen Zakka, ta yi fure, ƙwari sun sauka. Taubashina ya kai ni ya tsaya a gindin kuka yana jira, don wurin ba na barin mutum shi kaɗai ba ne. Ban ma goya famfon ba. Murfin galan kawai na buɗe, warin ya bugi hancina, sai ƙirjin ya rufe gaba ɗaya. A da sai na koma gida yake kama ni, yau ko jira bai yi ba. Na durƙusa, ina son in kira taubashina, babu iskar da zan yi kiran da ita. Abin da ya ba ni haushi daga baya, ya ce da ya iso ya tarar ina lalube a aljihu ina neman gwangwani.

Ya ɗora ni a babur, ya ɗaure ni a bayanshi da rawani kamar buhun dawa, ya nufi Safana. Ina jin shi sama-sama yana cewa, "Kada ka kuskura ka mutu a bayana, bawana, wa zai ƙara hawa babur ɗin nan?" 

A asibiti aka kifa mani wani abu a hanci da baki mai fitar da tururi, aka yi mani allura. A hankali igiyar ta sassauta. Da na dawo hayyacina sai likitan ya jawo kujera ya zauna, ya fara tambaya. Wane aiki nake yi, tun yaushe, da rani yaya nake ji, da damina fa. Na ba shi amsa, na kuma ƙara da bayanin kasko, don har lokacin ban saki ba. Ya bar ni na gama tsaf.

Ya ce, "Malam, a garinku in an ji ƙarar babura da yawa sun nufo, me ake yi?"

Na ce, "A rufe ƙofofi, a tare hanya, kowa ya ɗauki abin da ya samu."

"In daga baya aka ga 'yan ɗaurin aure ne fa?"

"Ai an riga an rufe, likita."

"To ƙirjinka haka ya koma. Cikin hanyoyin da iska ke bi zuwa huhu akwai masu gadi da Allah ya ajiye. Da farko maganin nan yana shiga suna kallonshi. Yau da gobe suka shaida shi, suka riƙe shi abokin gaba. Yanzu ko warinshi suka ji sai su taso, hanyar ta tsuke, bangonta ya kumbura, majina ta cika ta. Su a ganinsu tsaro suke yi maka, kai kuma iska ce ba ta wucewa. Asma ke nan, fuka, irin wadda aiki ke jawowa."

Na ce to me ya sa a da ba ya kama ni a gona sai a gida. Ya ce masu gadin kashi-kashi ne, akwai masu tasowa nan take, akwai waɗanda sai an kira su daga nesa, ba su isowa sai bayan awoyi. Abin da na shaƙa da safe shi ke kama ni da yamma. Kaskon dai ya yi rashin sa'a ne, lokacinsu ya zo ɗaya.

Na ce, "Amma likita, ina shan madara."

Taubashina ya ce, "Yawwa, ku tambaye shi. Ya ƙarar da shanun ƙasar nan."

Likitan ya ce, "In ka sha ta, ina take sauka?"

"Ciki."

"Maganin da ka shaƙa fa, ina yake sauka?"

Na dafa ƙirjina.

Ya ce, "Gobara a ɗaka, kai kana zuba ruwa a rumbu."

Ya ba ni abin fesawa a baki, ya nuna mani yadda ake yi. Na tambaye shi in na sa takunkumi na riƙe wannan a aljihu, zan iya ci gaba? Ya ce wanda masu gadinshi ba su shaida maganin ba, kariya tana yi mashi amfani. Ni nawa sun riga sun shaida, kaɗan ma ya ishe su, kuma duk tashin da suka yi suna barin tabo. In ina son in ga girman 'ya'yana, in rabu da feshi. Ya ƙara da wata magana da ta fi allurar zafi, wai yanzu da hanyoyin suka yi laushi, hayaƙin itace da na suya ma za su iya tayar mani, in dinga kaucewa.

A hanyar komawa taubashina bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da ya nuna mani lallai na kai maƙura. Ni kuwa lissafi nake yi. Famfo ya haramta gare ni. Kasko ni na kashe shi da bakina. Hatsin rumbu ba zai kai kaka ba. Duk ta inda na juya, ƙofa ɗaya ce ta rage, kuma ni na rufe ta.

Na yi kwanaki ina zagaye-zagaye kafin in iya buɗe baki. Wata safiya tana tsince wake a faifai na tsaya a kanta na ce, "Wai kaskon nan yana nan kuwa?"

Ba ta ɗago ba. "Yana inda ka ce a ajiye shi."

"Likita ya ce ba shi ne ba."

"Na ji. Taubashinka ya riga ka, har gidan yayata ya kai labari."

"To, ai sai ki tayar."

Sai a nan ta ajiye faifan. "Da me, Malam? Jarin a cikinka yake, da miya ka sha shi. Masu saye kuma sun kama wata. Kasko ba famfo ba ne da za a sauko da shi daga ƙusa a ce bismilla."

Ban taɓa ba mace haƙuri da bakina ba, haka aka rene mu, kuma ba alfahari nake yi da hakan ba. Na zauna a kan turmi na ce, "Na zalunce ki. Kin faɗa mani ban ji ba. Ki yafe mani." Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsince wake. Can ta ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma yafiya ba ta sayen gyaɗa.

Ranar kasuwar Batsari na kai famfon. Wanda ya saya, magidanci ne kamata, na zaunar da shi na gaya mashi duk abin da ya same ni, na ce ya nemi takunkumi na gaske da safar hannu, kada ya sa kan famfo a baki. Ya saurare ni da ladabi, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, shi dai jininshi mai ƙarfi ne. Na so in kama wuyan rigarshi in girgiza, sai na tuna nawa kunnen yadda ya yi. Abin da aka ba ni na juya shi gyaɗa, na ɗoro a jaki na kawo mata.

Sana'ar ba ta koma yadda take ba. Wasu masu saye sun dawo, da yawa ba su dawo ba. Ni ne mai kai gyaɗa inji yanzu, ni ne mai kai galan ɗin mai Safana in bi masu shago ina talla, ni da a da ake jira a ƙofar gida. Numfashin ma bai dawo duka ba. In maƙwabci yana feshi sai na sake hanya, in na yi sauri kaɗan sai fiton ya tuna mani yana nan. Amma ana cin tuwo da miya mai mai, yara sun daina kallon kwano.

Abu ɗaya ne har yau ban saba da shi ba. Da la'asar ta yi, ta gama jera itace ta ɗora kasko, sai ta leƙo inda nake zaune ta ce, "Malam, tashi, zan hura wuta." Babu gori a muryarta, babu komai. In naɗe tabarmata, in duba ta inda iska ke kaɗawa, in fita daga gidana in je in zauna a ƙofar gidan wani har a kira magariba.